Takardar shaidar noman oganik: abin da ya kamata manomi ya sani kafin ya kashe kuɗinsa

Manoma da dama a Kiru da Bebeji na ƙorafin cewa ba su zuba takin zamani a gonar riɗi ko zoɓo ba, amma dillalan Dawanau sun ƙi biyan su farashin kayan oganik. Gaskiyar magana, mai saye a Turai ko Amurka takarda yake dubawa, ba ya karɓar rantsuwa. Takardar kuwa kamfanonin tantancewa ne ke bayarwa, irin su Ecocert na Faransa da Control Union na Holan, bayan jami'insu ya taka gonar da ƙafarsa.

Sai an yi haƙurin jira. A dokar Tarayyar Turai, gona za ta yi shekara 2 ba sinadari kafin a shuka abin da za a kira oganik, itatuwa kamar mangwaro kuma shekara 3 kafin girbi. Amurka shekara 3 take nema kafin girbi. A Tudun Wada da Doguwa, inda masara da shinkafa suka saba da yuriya da feshin ciyawa, yabanya za ta ja baya a shekarun farko na daina su. Don haka kada a kai duk gonaki lokaci guda. A fara da riɗi, zoɓo ko waken suya, waɗanda ba su da cin taki.

Jami'in yana zuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, wani lokaci ba sallama. Zai zagaya iyakar gona ya ga ko feshin maƙwabci na faɗowa ciki, ko ruwa na gangarowa daga gonar da aka zuba taki, abin da ya fi damun masu noman rani a kusa da Tiga. Zai shinshina injin feshi, musamman na aro. Zai buɗe ragowar iri ya ga ko an shafa masa hodar magani. Sannan ya zauna da littafinka: ranar shuka, inda ka samo takin gargajiya, buhu nawa ka girbe, nawa ka sayar. Wanda gonarsa ba ta wuce buhu 5 ba amma ya kai 15, ya kama kansa da kansa.

Sito ne ke kayar da mutane fiye da gona. Manomi zai kiyaye duk damina, ranar ajiya kuma ya zuba piya-piya ko ya jefa ƙwayar bom a buhu. Irin wannan sinadarin na piya-piya ne ya sa Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. A yi amfani da buhun PICS mai ninki uku, a kuma ware ɗakin ajiya daban.

Batun kuɗi, manomi ɗaya ba zai iya ba, domin da kuɗin waje ake biya, kuma duk shekara. Hanyar ita ce ƙungiya mai rajista. Dokar Turai da ta fara aiki a 2022 ta ƙayyade mambobi kada su wuce 2,000, ƙungiyar ta naɗa masu binciken cikin gida da za su duba kowane mamba duk shekara, na waje kuma ya sake duba aƙalla kashi 5 cikin 100. In aka kama mutum ɗaya da maguɗi alhali binciken cikin gida bai gano ba, kowa na iya rasa takardar. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Wanda kasuwar gida yake nufi, ya nemi tsarin PGS da ƙungiyar masu noman oganik ta NOAN ke yaɗawa, inda manoma ke duba juna. Yana da sauƙin kuɗi, amma ba ya fitar da kaya waje.

Shawarata, kada ku biya ko sisi na tantancewa sai kun samu mai saye da ya rubuta yarjejeniya, da farashi a ciki. Littafin gona kuwa, ku fara cika shi tun daga sharar gonar bana.