Amsar Tambaya: Shin Jini Yana Gyara Jijiyoyinsa Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki?

Wani mai karatu daga Lajawa, a ƙaramar hukumar Wudil, ya rubuto cewa mahaifinsa ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, kuma wani ɗan talla ya kawo musu kwalabe yana cewa za su tsiro da sababbin jijiyoyi.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, shi ya sa take ruɗar mutane. A shekarar 1997, wani likita ɗan Japan, Takayuki Asahara, da abokan aikinsa a Boston ta Amurka, suka gano wasu ƙwayoyin halitta da ke yawo cikin jini suna taimaka wa gyaran bangon jijiyar jini. Bincike ya nuna suna ƙaruwa bayan bugun zuciya ko shanyewar jiki, kamar magina da suka taru bayan ruwa ya ci katanga. Taba sigari, ciwon suga da hawan jini suna rage su, motsa jiki kuwa yana ƙara su.

Amma har yau ba su zama maganin da ake sayarwa a kwalba ba. Kuɗin da za a ba ɗan tallan gara a kashe su kan maganin hawan jini, a sha shi kullum ba fashi, da gashin jiki wurin ƙwararru, a kuma rage gishiri a miya.

Idan baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a garzaya asibitin Wudil nan take, domin a tura majinyacin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.