Darasi: Zaman Miji da Mata Malaman Makaranta a Ƙasar Baƙunta

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wasu bayin Allah da ba kasafai ake tunawa da su a wurin wa'azi ba, wato matasan da ba su daɗe da aure ba, miji da mata duka malaman makaranta, waɗanda neman halali ya kai su koyarwa a wata ƙasa. Domin kada magana ta tsaya a iska, za mu ɗauki ƙasar Gabon ta zama misalinmu.

Gabon tana bakin teku, kudu da Kamaru, a kan layin da ya raba duniya gida biyu. Ta sami mulkin kai ranar 17 ga Agusta 1960, mako biyu bayan Nijar. Allah ya hore mata man fetur da katako, amma bai ba ta yawan jama'a ba, don ƙidayar 1993 ta sami mutum miliyan ɗaya ne da ƴan kai. Da farashin mai ya tashi a 1973, makarantu suka yawaita fiye da malaman ƙasa, sai aka buɗe ƙofa ga masu jin Faransanci daga Afirka ta Yamma, irin su Benin da Togo da Senegal da Mali da Gine, musamman masu koyar da lissafi da kimiyya. Harshen aji ɗaya ne da na lakwal a nan gida, agogo ma ɗaya ne, saboda haka malamin da ya saba da allo a Damagaram ko Tawa ba zai ga baƙon abu a cikin aji a Libreville ba. Baƙuntar tana jiransa ne a gida, bayan an tashi daga makaranta.

Ku lura da wani abu da muke gani kullum har muka daina ganinsa: aure a ƙasar Hausa ba mutum biyu ke ɗauke da shi ba. Amarya tana tarewa da ƴar rakiya. Akwai uwar miji a cikin gida, akwai ƙannen miji da ake aike, akwai maƙwabciya da za a miƙa wa yaro ta kan danga. In ciki ya tsufa, a tafi goyon ciki gidan iyaye. In rai ya ɓaci, ta yi yaji, a je biko, dattawa su zauna su kashe wutar. Duk wannan kaya da dangi suke raba wa junansu, ranar da jirgi ya sauke ango da amarya a ƙasar waje sai ya koma kan mutum biyu tak. Shi ya sa wajibi ne su san abin da shari'a ta ɗora wa kowannensu, su rarrabe shi da abin da al'ada ce kawai ta saba yi, domin al'adar ta tsaya a gida tare da masu ɗaukarta.

Mu duba yininsu. A Libreville dare da rana kusan daidai suke duk shekara, rana tana fitowa jim kaɗan bayan ƙarfe shida, tana faɗuwa jim kaɗan bayan shida na yamma. Ruwan sama kuwa yana zuba wajen wata takwas, rani gajere ne daga Yuni zuwa Agusta, kuma shanya takan kwana ba ta bushe ba. Sun yi Asuba, sun fita tare neman taksi, kowa ya tsaya gaban yara har muryarsa ta dushe, sun komo da tarin takardun ɗalibai da za a gyara kafin gobe. To, wa zai ɗora tukunya?

Malaman mazhabar Imamu Malik sun yi bayani a kan wannan. Idan miji mai wadata ne, kuma matar tana cikin waɗanda aka saba yi wa hidima, to ɗaukar mai aiki yana kansa, kuma Ibnu Abi Zaid ya ambaci haka a cikin Risala. Idan ba shi da hali, hidimar cikin gida, kamar girki da shara da shimfiɗa, tana kan matar gwargwadon abin da aka saba a wurin. Amma ba a ɗora mata ta yi sana'a ta ciyar da shi ba. A nan ne wasu mazaje suke yin son kai. Sun yarda ta fita aiki, suna cin moriyar albashinta, sannan suna son hidimar gida ta zo musu cif kamar ta matar da ta yini a ɗaki. Ba a haɗa wa mutum ɗaya kaya biyu a ce an yi adalci. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, in lokacin salla ya yi ya fita. Mutumin da yake jin kunyar wanke kwano don kada abokansa na Maraɗi su ji labari, ya sani cewa abokan nan ba su ne za su tsaya masa ranar hisabi ba, kuma ko a duniya ba su ne za su kai matarsa likita ba in gajiya ta kwantar da ita.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi raba kan ma'aurata irin waɗannan. Albashin mace dukiyarta ce. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta tabbatar wa maza rabo daga abin da suka nema, ta tabbatar wa mata rabo daga abin da suka nema. Ci da sha da tufafi da hayar ɗaki kuwa suna kan miji, ko da matar ta fi shi albashi. Amma Libreville gari ne mai tsadar rayuwa, yawancin abinci daga waje ake shigo da shi, ga kuɗin takardar zama da baƙo yake sabuntawa, sau da yawa albashi ɗaya ba ya kai wata. Idan ta taimaka da daɗin rai, ta sami lada kuma halal ne gare shi. Abin da muke jan hankali a kai shi ne a fayyace tun farko: wannan da kika ba ni, kyauta ce ko rance? Idan rance ne a rubuta, ko da a bayan littafin shirya darasi ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta togace miji da mata ba. Filin da aka saya a Yamai da kuɗin mutum biyu, aka rubuta sunan mutum ɗaya, shi ne yakan zama rigimar gado bayan shekara ashirin.

Akwai kuma aike gida, domin a idon dangi duk wanda ya fita waje ya yi arziki. Ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ne ko mace, saboda haka miji ba shi da ikon hana matarsa aika wa mahaifiyarta mabuƙaciya abin da za ta ci. Amma kyauta ta ganin dama, a nan Malikawa suna da hukuncin da mutane da yawa ba su sani ba: matar aure tana iya kyautar da abin da bai wuce sulusin dukiyarta ba, ba sai da izinin miji ba, in ya haura sulusi yana da ikon mayar da kyautar. Misali, wadda ta tara jika 300, tana iya ba ƙanenta jika 100 ya yi jari ba tare da ta tambayi kowa ba. Hanafawa da Shafi'awa ba su sa mata wannan iyaka ba. Kuma ko a wurin Malikawa wannan ba ya nufin miji ya mallaki sulusi biyun da suka rage. Nata ne, tana saye da sayarwa da su yadda ta so. Shi ma mijin, kada ya kwashe albashinsa ya aika wa ƴan'uwansa don a yabe shi, ya bar gidansa a kan albashin matarsa, domin ciyar da ita tana gaba da ciyar da kowa. A riƙa tunawa kuma cewa sefar Gabon da sefar Nijar darajarsu ɗaya ce, an ma karya su tare ranar 12 ga Janairu 1994, amma takardunsu daban ne, kuma mai canji ko mai aikawa yana cire nasa. A sa wannan cikin lissafi kafin a yi wa na gida alkawari.

Game da ibada, tambayar da aka fi yi ita ce ta ƙasaru. Amsarta gajera ce. Matafiyi yana rage salla in tafiyarsa ta kai mil 48, amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, ya zama mazauni. Wanda ya sa hannu a kan aikin shekara biyu ba matafiyi ba ne: zai cika salla, zai yi azumi, kuma Jumma'a ta wajaba a kan mijin. Idan darasinsa ya faɗo a lokacin Jumma'a, wurin gyara shi ne farkon shekara, lokacin da ake tsara awoyin koyarwa, ya roƙi shugaban makaranta ko ya yi musaya da abokin aiki Kirista, shi kuma ya rama masa a wata rana. Masallatai ba su yi wuya a Libreville ba, akwai babban masallacin Hasan na Biyu da na unguwanni. Azumi da Salla kuwa da mutanen ƙasar da yake zaune zai yi, ba da sanarwar da aka yi a Yamai ba. Sai alƙibla. Mu a nan mun saba cewa mutum ya fuskanci gabas, kuma daga Maraɗi maganar ta kusa daidai, da ɗan karkata zuwa arewa. Daga Libreville karkatar ta fi haka sosai, alƙibla tana kusan tsakiyar gabas da arewa. Wanda ya shiga sabon ɗaki ya duba mahudar rana kawai ya shimfiɗa darduma, ya kauce. Ya je masallaci mafi kusa ya gani, ko ya tambayi Musulmin wurin.

Abinci ma jarrabawa ce. Gero da dawa ba cimar ƙasar ba ne, rogo da ayaba da shinkafa da kifi su ne a kasuwa, kuma wanda ya taso da fura sai ya yi haƙuri. Naman daji da naman alade suna cikin abincin mutane da yawa a can, don haka in abokin aiki ya gayyace su gidansa, su faɗi abin da ba su ci tun kafin a ɗora girki, cikin ladabi, ba bayan an zuba a akushi ba. Nama a saya wurin mahauta Musulmi, ana samunsu a manyan kasuwanni irin Mont-Bouët. Kifi kuwa babu wata damuwa a kansa. Zakkar fid da kai ma daga abincin da ya rinjaya a wurin ake fitar da ita, mudu huɗu na mudun Annabi a kan kowane mutum, kuma miji ne zai fitar wa matarsa.

Ranar da Allah ya kawo haihuwa, a ranar ne ake sanin nisan gida. Babu uwa, babu gwaggo, babu mai dafa ruwan wanka. Sai miji ya zama shi ne uwa, shi ne ƴar aike. Wannan ba sabon abu ba ne a Musulunci: Asma'u ƴar Umaisu ta haifi Abdullahi ɗan Ja'afar a Habasha, nesa da danginta na Makka, kuma ba su koma ba sai shekara ta 7 bayan hijira. Ragon suna guda ɗaya ne a rana ta bakwai ga mai iko, ba sai an ci bashi don a aika hotuna gida ba. Mai jego kuma ta sani cewa kwana arba'in al'ada ce. Da jini ya ɗauke za ta yi wanka ta kama salla, ko da a mako na biyu ne, in kuwa ya zarce, iyakarsa kwana sittin a mazhabarmu.

Saura saɓani, wanda babu gidan da ya rasa shi. A gida mace tana da inda za ta je ta huce. A baƙunta ba ta da ko'ina, wani lokaci ma takardar zamanta da kuɗin jirginta duk suna hannun mijin. Riƙe mata fasfo, ko yi mata barazana da shi, zalunci ne tsagwaronsa, kuma cin amanar iyayen da suka yarda ya tafi da ita. Wayar salula ta kawo sauƙi, amma ta kawo nata sharrin, domin uwar da ta ji kukan ƴarta daga nesa, ba ta ga fuskar surukinta ba, ba ta ji nasa bakin ba, da wuya ta yi hukuncin da zai gyara. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tayar da masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Malamanmu sun ce in ba a sami dangi ba, sai a ɗauko wasu adilai daga cikin Musulmi, kuma Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya nuna an fi so su kasance maƙwabta, domin su ne suka san halin gidan.

Irin waɗannan mutane ba su yi ƙaranci a Gabon ba. Akwai Hausawan da kakanninsu suka shigo fatauci ta Kamaru tun zamanin Turawa suka zauna a garuruwan arewa irin Oyem da Bitam, akwai ƴan kasuwa daga Mali da Senegal da Nijeriya, akwai limamai da matansu. Amma malamin lakwal yakan ɗauki kansa daban da ɗan tireda, ya tsaya cikin abokan aikinsa masu jin Faransanci, har shekara ta zagayo bai taka gidan dattijo ko ɗaya ba. Dattijon da ba a gaishe shi ranar lafiya ba, yaya za a buga masa ƙofa da tsakar dare? Tun a watan farko ya kamata miji ya ɗauki matarsa su je su gai da liman, ya gabatar da ita ga iyalinsa, ta san ƙofar gidan da kanta, ta kuma riƙe lambar wayar uwargidan a tata wayar.