Tsohon gida a Ingila: wane aiki za a fara kafin a nemi tallafi?

Wani mai karatu daga Mancesta ya rubuto: "Malam, mun sayi gidan jan bulo da aka gina wajen 1905. Kuɗin gas na cin mu, gidan kuma ba ya ɗumi. Wasu sun ƙwanƙwasa ƙofa suka ce gwamnati za ta biya a lulluɓe mana bango kyauta. In amince?"

Malam, dakata tukuna, kada ka sa hannu. Tallafin akwai shi, amma gidanka ne zai faɗa maka aikin da yake bukata, ba mai neman kwangila ba.

Fita ka dubi bangon. In ka ga an jera bulo wasu a tsawonsu wasu a giciye, ana ganin gajerun kawunansu jefi-jefi, to bangon cikakke ne, babu rami a tsakiya. Haka akasarin gidajen da aka gina kafin shekarun 1920 suke. Na bayansu galibi bango biyu ne da ɗan sarari tsakani, wanda ake hura wa abin tare ɗumi cikin yini ɗaya a kan kuɗi kaɗan. Naka ba haka yake ba. Tsohon bulo da kwaɓin farar ƙasa yana shan laima yana kuma fitar da ita. Duk wanda ya taɓa ganin gidan ƙasa a Kano da aka yi wa shafen siminti, danshi ya maƙale a ciki har shafen ya kumbura ya ɓare, ya san abin da ke faruwa in an toshe wa bango hanyar bushewa. A can Ingila sakamakon shi ne fumfuna a kusurwar ɗaki, da katakon daɓe da ke ruɓewa a ɓoye.

Ba tsoratarwa nake yi ba. A watan Oktoban 2025, ofishin da ke binciken kashe kuɗin gwamnatin Birtaniya ya ba da rahoto cewa kashi 98 cikin ɗari na gidajen da aka lulluɓe wa bango ta waje ƙarƙashin shirin tallafi na ECO4 da takwaransa suna da manyan matsaloli da ke bukatar gyara. Galibi aikin kyauta ne.

Don haka fara da busar da gidan. Indararo da ke zuba a jikin bango, tayil ɗin rufi da ya zame, ƙasar lambu da ta hau sama har ta rufe ƙananan kafofin iska da ke gindin bango, duk a gyara su kafin komai. Waɗancan kafofin su ne ke shayar da ƙarƙashin daɓe iska. Kada wani ya toshe maka su da sunan hana sanyi.

Daga nan sai saman silin, inda kuɗinka zai fi saurin dawowa. Gidan da ba a yi wa komai ba yana asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗuminsa ta rufi. Kaurin audugar gilas da ake ba da shawarar shimfiɗawa shi ne milimita 270, kuma tsofaffin gidaje da yawa ba su da ko rabin haka. A bar gefen rufin a buɗe don iska ta ratsa. Kumfar feshi da ake tallata wa mutane a fesa a ƙarƙashin rufi kuwa, ka guje ta: tana ɓoye halin da katako yake ciki, kuma bankuna da dama suna ɗari-ɗari da ba da bashin sayen gidan da ke da ita. Toshe iskar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, gefen taga da bututun hayaƙin da ba a amfani da shi, aikin Asabar ɗaya ne.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Tukunyarmu tana daɗewa a wuta, gidajenmu cike suke da yara da baƙi, kuma da hunturu a ɗaki ake shanya. Duk wannan tururi ne. Da zarar ka toshe kafofin da yake bi a da, dole ka sa fanka mai zuƙe shi waje a kicin da banɗaki, a kuma riƙa kunna ta.

Sai batun kuɗi. Nemo takardar EPC ta gidanka, mai nuna matakinsa wajen tsimin makamashi, a shafin gwamnati, kyauta ne. Yawancin tallafi na gidajen da ke matakin D zuwa G ne. Shirin Warm Homes: Local Grant, wanda ya fara a 2025, ta hannun ƙananan hukumomi yake bi, don iyalai masu ƙaramin ƙarfi, saboda haka ƙaramar hukumarku za ka fara tuntuɓa. Ko ba ka cancanta ba, an cire harajin VAT a kan aikin saka kayan tare ɗumi har ƙarshen Maris 2027. Akwai kuma fam 7,500 ga mai son sauya tukunyar gas mai ɗumama gida da na'urar zuƙo ɗumi daga iska, amma ni zan bar wannan sai gidan ya iya riƙe ɗumin. Shirye-shiryen nan suna sauyawa da kasafin kuɗi, don haka tabbatar da sharuɗɗan ranar da za ka nema.

In ka kai ga bangon, nemi mai duba gida wanda ba shi ne zai yi aikin ba. Kamfanin da zai yi aikin ya kasance yana da rajistar TrustMark, tsarin tantance masu aikin gida, ka duba da kanka, ya kuma rubuta maka yadda iska za ta riƙa shiga da fita bayan aikin, da takardar garanti mai inshora. Waɗanda suka zo ƙofarka, tambaye su waɗannan ukun a rubuce.