Hukuncin Zamba A Cinikin Gwanjo Ta Waya Da Hanyar Karɓo Haƙƙi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta ciniki, Ya haramta cin dukiyar mutane da ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi mutumin da ya sayi abin da bai gani ba, ya aika da kuɗinsa ta waya, sa'an nan aka zambace shi. Mene ne matsayin wannan ciniki a Shari'a, kuma ta wace hanya kuɗinsa za su komo hannunsa?

Garin Kongolam, a ƙaramar hukumar Mai'aduwa ta ƙasar Daura, yana bakin iyaka ne, daga shi sai Dan Barto a Jamhuriyar Nijar, a kan hanyar da ta miƙe zuwa Matamaye da Damagaram. Mutanen wannan yanki sun gaji ciniki, kuma cinikin da suka gada na ido da ido ne. Mai saye ya ga dabba a kasuwar Mai'aduwa, ya duba haƙorinta, ya taya, dillali na tsaye, mai ita ya sallama, a biya la'ada a gaban shaidu. In wani aibi ya ɓulla daga baya, an san wanda za a riƙe. To, tun da wayar hannu ta yawaita, musamman bayan ƙarancin takardun Naira na farkon shekarar 2023, wanda ya tilasta wa jama'a biya ta banki, sai wata kasuwa ta buɗe wadda ba ta da rumfa ba ta da sarkin kasuwa. A saka hoton babur, ko waya, ko rigar 'yan ƙwallo, ko ragon layya a WhatsApp ko Facebook, a ce wa zai ƙara, wanda ya fi tayi ya tura kuɗi, ya zauna jiran kayan da wani lokaci ba su taɓa kasancewa ba.

Kada mai karatu ya zaci wannan cuta ta ƙauye ce ko ta rashin wayewa. A Amurka akwai babbar kasuwa ta ƙananan katuna masu ɗauke da hotunan 'yan wasa, waɗanda asalinsu kyauta ce da ake sakawa cikin kwalin taba ko cingam. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne na wani ɗan wasan besbol mai suna Honus Wagner, wanda aka buga tsakanin 1909 da 1911. An sayar da guda ɗaya daga cikinsu dala 451,000 a 1991, shi ɗin dai aka sake sayarwa dala miliyan 2.8 a 2007. A 2013 wani babban mai kamfanin gwanjo, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotun tarayya a Shikago cewa ya datse gefen wannan kati domin ya yi kama da wanda bai taɓa lalacewa ba, kuma kamfaninsa ya riƙa sanya tayin ƙarya domin farashi ya hau. A 2015 aka yanke masa ɗaurin wata 20. Waɗanda aka cuta a nan masu kuɗi ne, masu ilimin abin da suke saye. Laifuffuka biyun da ya amsa kuwa, malaman fiƙihu sun yi musu suna tun fiye da shekara dubu da suka wuce: ɓoye aibi, da najashu.

Shi gwanjo a kan kansa halal ne. Malamai suna kiransa bai'ul muzayada, watau cinikin wa-zai-ƙara. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gwanjon wata shimfiɗa da ƙoƙon wani matalauci, wani ya taya dirhami ɗaya, wani ya ƙara zuwa biyu, aka sallama masa. Hanin da aka yi na kada mutum ya shiga cinikin ɗan'uwansa yana farawa ne bayan mai kaya ya karkata ga mai saye ɗaya, ba lokacin da ƙofar tayi take buɗe ba.

Abin da aka haramta shi ne najashu, kamar yadda ya zo a hadisin Abdullahi ɗan Umar cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Imamu Malik ya bayyana shi da cewa mutum ya taya kaya sama da ƙimarsu alhali ba ya nufin saye, don kawai wani ya bi sahunsa. A kasuwar fili, mai wannan aiki sai ya nemo abokin haɗin baki ya tsaya a gefe. A waya kuwa mutum ɗaya yana iya riƙe layi uku da suna uku, ya saka kaya da ɗaya, ya yi tayi da biyu, mai saye na gaskiya yana ta gasa da inuwa. Hukuncinsa a mazhabar Malikiyya, kamar yadda Shehu Halilu ya tabbatar a Muhtasar, shi ne: in mai kayan ya san da najashun, mai saye yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In kuwa kayan sun riga sun salwanta ko sun sāke a hannunsa, ƙimarsu ta gaskiya kaɗai zai biya, a mayar masa da abin da ya hau. Hanafiyya da mafi yawan Shafi'iyya suna ganin cinikin ya ƙullu, zunubi ne ya hau kan mai yi. A wannan mas'ala maganar Malikiyya ta fi kusa da kare wanda aka zalunta, kuma da ita alƙalan ƙasar nan suke aiki.

Ɓoye aibi kuwa hukuncinsa sananne ne. Hadisin tulin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa, wanda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, ya fitar da mai algus daga tafarkin Musulmi. Risala ta Ibnu Abi Zaidi ta ba wanda ya sami tsohon aibi zaɓi tsakanin riƙewa ba tare da ragi ba, ko mayarwa da karɓar kuɗi. Hoton da aka gyara, ko hoton wani abu dabam da aka nuna, duk algus ne.

Wurin da ya kamata a fi tsayawa shi ne babin sayen abin da ba ya nan, domin nan ne mafi yawan kuɗin jama'a suke tafiya. Malikiyya sun halatta sayen abin da yake nesa bisa siffa, har ma sun halatta sayen dilar kaya bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki. Saboda haka ciniki ta hoto da bayani ba ɓatacce ba ne. Amma sun gindaya masa abubuwa uku waɗanda da an kiyaye su da kukan ya ragu. Na farko, in kaya suka iso suka saɓa wa siffa, mai saye yana da ikon fasawa. Na biyu, ba a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a karɓa, sai in wurin yana kusa, kamar tafiyar kwana biyu, ko abin ya zama wanda ba ya saurin sākewa kamar gida da gona. Dalilinsu shi ne kuɗin za su zauna cikin kokanto, in kaya sun iso farashi ne, in ba su iso ba rance ne da mai sayarwa ya ci moriyarsa. In mai saye ya biya don ra'ayin kansa babu laifi, kuma wannan dabam yake da cinikin salam wanda yake da nasa sharuɗɗa. Wani zai ce a zamanin mota ko'ina kusa ne, Legas ma kwana biyu ce. Haka ne ta fuskar tafiya, amma malamai sun yi rangwame ga kusanci ne domin ana iya zuwa a gani, kuma an san mai kayan. Wanda ba a san sunansa na gaskiya ba, ba a san garinsu ba, ya fi kowane fatake nisa ko da yana bayan katanga.

Na uku shi ne lamuni. Kayan da ake ɗauka, in an saye su suna nesa, suna cikin lamunin mai sayarwa har su shiga hannun mai saye, sai in an yi sharaɗin akasin haka. Don haka maganar da aka saba ji, wai an ba direba a tasha kaya sun ɓace a hanya, ba ta sauke wa mai sayarwa nauyi. Shi zai bi direbansa, mai saye kuwa a ba shi kuɗinsa. Da yawa sun haƙura da haƙƙinsu a nan saboda rashin sanin wannan hukunci kaɗai.

In kuwa tun asali babu kayan, to ba a maganar ciniki. Wannan cin dukiya ne da ɓarna, wanda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i da ta 188 ta Suratul Baƙara suka hana, kuma kuɗin suna wuyan wanda ya karɓa har ya mayar. Tuba ba ta wanke shi sai da mayarwa, ɗauri ma ba ya wanke shi. A nan akwai gargaɗi ga samarin da suke ba da aron asusunsu na banki a tura kuɗi a ba su ɗan wani abu, da masu POS da suke fitar da kuɗin da suka san asalinsu. A fiƙihu, wanda ya karɓi abin ƙwace yana sane, hukuncinsa ɗaya da maƙwacin, ana iya binsa shi a karɓa. A hukumance kuma sunansa da lambarsa ta BVN ne suke kan asusun, shi za a fara kamawa.

To, yaya ake karɓo haƙƙi? Farko dai a kawar da wani kuskure. Wasu suna ganin yin shiru shi ne tawakkali, wasu kuma kunya ce take hana su, kada a ce an yi musu wayo. Yafewa alheri ce ga wanda ya sami iko ya yafe. Amma Suratush Shura ta ɗauke zargi daga wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi, kuma mazambacin da aka ƙyale gobe wani zai cuta. In kuɗin ma na marayu ne, ko jarin wani da aka ba mutum amana, ba shi da ikon yafe su.

Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne gaugawa. Kuɗin da aka tura ba sa kwana a asusu ɗaya, ana rarraba su ko a fitar da su a tsaba, a bakin iyaka irin Kongolam kuwa ana iya canja su zuwa sefa a haye da su kafin la'asar, inda hannun bankin Nijeriya ba ya kaiwa. Saboda haka a sanar da banki a ranar, a rubuce, a karɓi lambar ƙorafi, domin ya tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga. Riƙe asusun mutum na tsawon lokaci da mayar da abin da ke ciki galibi sai da umarnin kotu, shi ya sa ake haɗawa da kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. In banki ya yi sakaci da ƙorafi har mako biyu, akwai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa a Babban Bankin Nijeriya. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar dukiya da yaudara, ta kuma ba kotu ikon tilasta masa mayarwa, sa'an nan ga dokar laifuffukan intanet ta 2015 wadda aka gyara a 2024. Wanda ya saya a manyan kasuwannin waje yana da wata ƙofa, domin PayPal tana karɓar ƙorafin kayan da ba su iso ba cikin kwana 180 daga ranar biya, in dai an biya a matsayin ciniki ba kyauta ba. Wannan tsari na tsayar da amintacce tsakanin mai saye da mai sayarwa shi ne aikin da dillali da fatoma suke yi a kasuwanninmu tun da.

In an san mutumin, yana da gida da dangi, to sulhu a gaban mai unguwa ko dagaci ko shugabannin kasuwa ya fi sauri, in ya ƙi sai kotun Shari'a. A can ƙa'ida ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu, kuma a sha'anin dukiya Malikiyya suna hukunci da shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umarni da rubutu da kafa shaidu. Rubutun wannan zamani shi ne takardar banki, da saƙonnin da aka yi musaya, da muryar da aka aiko, da hoton da aka nuna. Kada fushi ya sa a goge su. Ibnu Farhun, a littafinsa Tabsiratul Hukkam, ya faɗaɗa bayani kan aiki da alamomi masu ƙarfi wajen hukunci, Dokar Shaida ta 2011 kuma, a sashe na 84, ta karɓi abin da aka fitar daga kwamfuta bisa sharuɗɗa.

Akwai hanyoyin da ba su halatta ba ko da mutum yana da gaskiya. Zuwa wurin mai duba haramun ne, kuma asara ce ta biyu. Haka nan waɗanda suke bugo waya su ce za su kwato kuɗin in an ba su wani abu tukuna, yawancinsu 'yan'uwan na farkon ne. Kama uba ko ƙane a madadin mai laifi zalunci ne, Alƙur'ani ya kore ɗaukar laifin wani a kan wani, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta hana.

Saura mas'alar wanda dukiyar mazambacin ta faɗo hannunsa, ko zai ɗebi daidai haƙƙinsa ba da izni ba? Malamai sun yi saɓani. Waɗanda suka halatta sun kafa hujja da iznin da aka ba Hindu 'yar Utba ta ɗebi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar Abu Sufyan. Shehu Halilu ya halatta da sharaɗin kada abin ya zama uƙuba, kuma a amince daga fitina da zubar da mutunci, kamar a kira mutum ɓarawo. Wanda ya tare babur ɗin mazambaci a hanya da wuya ya cika waɗannan sharuɗɗa, kuma ba ya halatta ya ƙara ko kwabo a kan abin da aka karɓa daga gare shi. Allah ne Mafi sani.