Darasin direbobi: in giya ta ƙi shiga

Ƴan uwa direbobi, a mota irin Peugeot 504, man birki ne ke tura kuloci. In man ya rage, ko iska ta shiga tiyo, sai feda ta yi laushi, giya ta riƙa ƙara.

Ga abin yi:

1. Kashe inji, ka sa giya. In ta shiga lafiya, laifin kuloci ne.
2. Duba gwangwanin mai. In ya rage, ƙara man birki. Man inji yana kumbura roba, kada ka zuba shi.
3. Nemi yoyo bayan feda da jikin akwatin giya.
4. Makanike ya sake roba, ya fidda iska.

Kada ka tilasta giya. In haƙoranta sun karye, kai da fasinja sai kwanan daji.