Ka Saurari Giyabos Tun Bai Tsaya Ba

Manomi, ka san auduga ba ta son jinkirin shuka. Wanda ya shuka da ruwan farko, cikin watan Yuni, shi ke cika buhu da kaka. To, in taraktar ƙungiyarku ko ƙaramin injin huɗa ya tsaya ana tsakiyar aiki, kafin a samo kayan gyara daga birni lokaci ya wuce. Sau da yawa kuwa abin da ke tsai da injin ɗan ƙaramin ƙarfe ne a cikin giyabos, wanda makanikai ke kira boris.

Boris zobba biyu ne na ƙarfe, ɗaya cikin ɗaya, da 'ya'yan ƙarfe masu santsi a tsakaninsu. Shi ke riƙe sandar da haƙoran giya ke kai, domin ta juya daidai. Abokan gābarsa su ne rashin mai, da yashi, da ruwa, da kaya fiye da kima. Ba ya mutuwa rana ɗaya. Da fari 'yan ƙananan ramuka ke fitowa a jikinsa, sa'an nan ya riƙa ɓarewa. Ɓarɓashin ya shiga mai, man ya kai shi ko'ina. In ya sake, sanda ta karkace, haƙora su ci juna. A nan fa maimakon boris guda sai a sayi giyabos sukutum.

Kunne shi ne babban ma'auninka. Ka tsai da tarakta wuri mai lebur, ka ja birki, ka sa giya a firi, ka bar injin yana aiki. Ka sami doguwar sukudireba, ka kafa bakinta a jikin giyabos, ka ɗora ƙotar a kunnenka. Lafiyayyen boris sautinsa sumul yake, kamar iska mai wucewa. Wanda ya fara lalacewa gurnani yake yi, ko ka ji kamar ana niƙa tsaki a dutse. Ka bi wuri wuri, inda ƙarar ta fi yawa nan ciwon yake. Amma ka tuɓe babbar riga tukuna, kada bel ko fanka su kama ka.

Sa'an nan ka ce wa direba ya taka kuloci. In gurnanin ya ɗauke, a sake shi kuma ya dawo, to lalle ana zargin boris ɗin sandar da ke shiga giyabos. In kuwa sai an taka ne ƙarar ke tasowa, wannan boris ɗin kulocin ne, watau ba a cikin giyabos yake ba. Ƙara mai bugawa ƙwas, ƙwas, a kan ƙa'ida, yawanci haƙori ne ya karye.

Bayan an yi aiki kamar sa'a guda, a kashe injin, ka taɓa jikin giyabos da bayan hannu. Ɗumi ba laifi ba ne, kowane giyabos yana ɗumi. Abin tsoro shi ne wuri guda ya fi sauran zafi ƙwarai, ko ka ji ƙaurin mai. Ka duba ƙasa kuma. In mai yana ɗiga ta inda sanda ta fito, wataƙila sandar ta fara rawa ne har ta cinye robar da ke tare man.

Mai kuwa ba ya ɓoye kome. Ranar juye, a tsiyaye shi da ɗuminsa cikin kwano mai tsabta, a kai shi rana. A tarakta da yawa akwai mayen ƙarfe a jikin notin tsiyayewa. In ka ga baƙin gari mai laushi kamar kwalli ya manne masa, wannan cin yau da kullum ne. Amma in ka murza tsakanin yatsunka ka ji kaifi, ko ka ga 'yan ɓawo suna ƙyalli kamar ɓawon kifi, kada a sāke tā da injin sai makaniki ya buɗe. Man da ya yi fari kamar an zuba nono, ruwa ne ya shiga.

Manyan masana'antu suna da na'urori masu auna girgizar inji, su nuna lahani tun kunne bai ji ba. Mu a ƙauye sai mu yawaita saurare, domin wanda ya saba da muryar injinsa shi ke gane ranar da ta sauya.

Wasu direbobi in sun ji gurnani sai su zuba mai mai kauri don ya yi shiru. Wannan yaudarar kai ce. Boris ɗin da ya ɓare ba ya warkewa, sai canji. In za a sa sabo, kada a fid da shi daga takardarsa sai lokacin sawa, kada a ajiye shi a ƙasa, kada kuma a buga masa guduma kai tsaye. Man da littafin injin ya faɗa shi za a zuba, daidai ma'auni.

Lokacin wannan bincike shi ne bayan an sayar da auduga, sa'ad da akwai kuɗi a asusun ƙungiya, makaniki kuma yana da sarari. Ku sa shi cikin zancen taronku na rani, ku zaɓi mutum guda ya riƙa rubuta ranar kowane juyen mai da abin da aka gani a jikin notin.