Salon Shugabanci da Ƙwazon Ma'aikata a Kwalejojin Horar da Malamai

Tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Kontagora, wadda aka kafa a 1978, ta kasance ma'aikata kamar kowace, sai dai hajarta malaman makaranta ne. Duk attajirin da yake neman akawu ko mai tsaron kanti wanda ya iya lissafi, da aikin irin wannan kwaleji ya dogara, domin ita take horar da wanda ya koyar da akawun.

To, amma akwai bambanci tsakanin shugaban kwaleji da mai kamfani. Mai kamfani yana iya ƙara wa haziƙi albashi, ya kuma sallami malalaci. Shugaban kwalejin tarayya ba shi da wannan iko. Gwamnati ce take tsara ma'aunin albashi, Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita take shimfiɗa manhaja, kora kuwa sai an bi ta majalisar gudanarwa. Abin da ya saura a hannunsa shi ne rabon aiki, da shawarar ƙarin girma, da zaɓen waɗanda za a tura ƙaro ilimi da kuɗin asusun TETFund. Saboda haka yadda yake tafiyar da mutane shi ne kusan dukkan jarinsa.

A 1939 Kurt Lewin da abokan aikinsa a Jami'ar Iowa ta Amurka sun gwada salo uku a kan ƙungiyoyin yara: na kama-karya, da na shawara, da na ko-in-kula. Yaran da ke ƙarƙashin mai kama-karya sun yi aiki da yawa muddin yana tsaye a kansu, amma da ya fita ɗakin sai aiki ya ja baya. Na ƙarƙashin mai shawara suka ci gaba ko ba ya nan. Na ukun su ne suka fi kowa lalacewa. Gaskiya ne yara ba malaman kwaleji ba ne, kuma ba a gina hukunci a kan gwaji ɗaya.

Duk da haka sakamakon ya dace da aikin kwaleji, domin mafi yawansa a bayan idon shugaba ake yin sa. A ɗauki duba ɗalibai lokacin koyon koyarwa. Malami zai tashi daga Kontagora zuwa wata firamare a Rijau ko Mariga. Yana iya zama a aji har ƙarshen darasi ya gyara wa ɗalibi kuskurensa, yana kuma iya cika takarda a ƙarƙashin bishiya ya juyo. A ofis takardun biyu kamarsu ɗaya. Rajistar sa hannu da takardar tuhuma suna kawo malami bakin aiki da ƙarfe takwas, amma ba su isa Rijau ba. Abin da yake zaunar da shi a ajin shi ne an biya shi kuɗin tafiya a kan lokaci, an ji ta bakinsa wajen rabon makarantu, ya kuma ga cewa ƙarin girma yana bin aiki, ba kusanci da ofishin shugaba ba.

A ganina ko-in-kula ya fi kama-karya ɓarna, ko da yake an fi kuka da na biyun. Inda ba a tambayar kowa, mai ƙwazo ne yake fara sanyi, tun da ya ga ladansa ɗaya da na wanda bai zo ba.

Dokar kwalejojin ilimi na tarayya ta 2023 ta mayar da wa'adin shugaba shekara biyar, sau ɗaya tak, ta kuma ba kwalejojin damar bayar da digiri tare da takardar NCE. Aiki ya ƙaru ke nan a kan malaman da ake da su, shugaba kuma ba shi da zango na biyu da zai gyara abin da ya ɓata a na farko.